Ranar da Mai Magani Ya Shiga ta Ƙofar Gaba

Taisho, mai gidan abincin, ya ajiye curin sushi a gaban kakana, Kaka bai ɗauka ba.

Ni na riga na cinye nawa. Na juyo ne don in kalli fuskarsa, domin tun da muka zauna, duk lomar da ya kai baki sai ya lumshe ido ya yi wani ɗan gurnani a maƙogwaro, ni kuma in yi ta danne dariya. Sai na ga curin yana nan a kan katako, fararen jatan lande a kan shinkafa, suna sheƙi. Hannunsa na dama yana kan kanta dab da curin, yatsun a buɗe. Hannun yake kallo, irin kallon da mutum ke yi wa karensa idan ya kira shi ya ƙi zuwa.

Wannan fa shi ne mutumin da ya yi wata guda yana ja mini kunne cewa sushi ba ya jira, cewa daga hannun mai yi sai bakin mai ci.

"Kaka," na ce ƙasa-ƙasa, "zai huce fa."

"Ina gani, Chi-chan. Ke dai ci naki."

Ya miƙa hannun hagu ya ɗauka. A duk tsawon rayuwata ban taɓa ganin ya ci abinci da hagu ba.

Sunansa Kuramoto Shigeharu, amma a Toyama da ƙauyukan da ke kan duwatsu babu mai kiransa haka. Mai Magani ake ce masa. Sana'ar ta gado ce: ya bi gida-gida ya ajiye jan akwatin magani, bayan wata shida ya dawo ya cike gurbin abin da aka sha, ya kwashe wanda ya tsufa. Ya fara da jaka a baya yana bin mahaifinsa, ya koma keke, ya koma babur, a ƙarshe ya sayi wata 'yar farar mota wadda har yanzu take warin saiwa da ɓawon itace. A aljihunsa kullum akwai balan-balan na takarda da yake hura wa yaran gida. Akwai masu furfura a garin nan da idan suka gan shi a hanya sai su tsaya su rusuna, su ce, "Mai Magani, ina nawa?" Shi kuma sai ya laluba aljihu da gaske.

Shekara arba'in da ɗoriya yana shiga gidajen mutane, kuma daga nan ya samo dokokinsa na zaman duniya. Ba su da yawa. Abin da aka ajiye maka, ka ci, ka cinye. Kada ka tambayi me za a kawo gaba. Kuma kada ka tashi sai mai gida ya sallame ka. Na san yadda dokokin nan suka wahalar da shi. Akwai wata tsohuwa a wani ƙauye can saman dutse da ta ba shi jiƙaƙƙen radishi, wata saiwa mai tsami, a zuwansa na farko. Ba ya son sa ko kaɗan, amma ya cinye tas. Ita kuwa ta ɗauka so ne. Shekara ashirin tana tanadar masa kwano guda, yana cinyewa yana yabawa. Ranar da ya je ta'aziyyarta, 'yarta ta fito da tulu guda cike da shi tana kuka, ta ce mahaifiyarsu ta bar wasiyya a ba Mai Magani. Ya kawo tulun gida. Shi kaɗai ya cinye shi a cikin hunturun nan, yana yamutsa fuska, ya hana kowa taimaka masa.

Wata rana kuma wani manomi ya tsare shi da labarin rigimar iyakar gona, har motar haya ta ƙarshe ta wuce, ya sauko daga dutsen da ƙafa cikin ƙanƙara. Da yake ba da labarin bayan shekaru, Mama ta ce da shi, "Baba, ai sai ka ce masa za ka rasa mota."

"Bai kai ƙarshen labarin ba," in ji shi.

"Yaushe ya kai?"

"Bai kai ba har ya mutu."

Ina 'yar shekara huɗu auren Mama ya mutu, muka dawo gidansa. Kakata mace ba ta daɗe ba ta rasu. Mama tana aiki a masana'antar kwalaye, fita da sassafe, dawowa da yamma lis, saboda haka shi ne ya koyi dafa mini abincin makaranta, shi ne ya koyi ɗaure mini gashi. Bai taɓa iya ko ɗaya ba. Ɗaurin kullum a karkace yake, abincin kuma gishiri ya yi yawa. Ni yarinya ce mai tsoro tun asali: tsoron tsawa, tsoron malamai, tsoron in ɗaga waya. Ranar duk da zan yi jarrabawa sai ya buɗe jakarsa da muhimmanci, ya ciro wani ƙunshi a farar takardar magani, ya ce maganin faɗuwar gaba ne, ba a sayar da shi, a kan harshe ake ɗorawa. Sai da na shiga sakandare na gane alewar sukari ce yake dakawa. Da na tuhume shi bai ko ji kunya ba.

"Ya yi aiki ko bai yi ba?"

"Ya yi."

"To, ki rufe mini baki. Wani ya ji sai ya ɓata mini kasuwa."

Shi kansa ba ya zuwa asibiti. Likita, a cewarsa, na waɗanda ba su da akwati ne. Ciwon kai, ciwon baya, jiri, duk wasu 'yan baƙaƙen ƙwayoyi ne masu ɗaci yake watsawa a baki. Mama ta yi faɗa har ta gaji a kan ya je a auna jininsa. Sai ya ce ai ya san jininsa, tare suka girma.

Gidan sushin da muka je yana cikin wani lungu a bayan kasuwa, ba shi da allo, sai labule shuɗi a bakin ƙofa. Kaka ya shafe shekara arba'in da ɗoriya yana shiga gidan, amma ta ƙofar baya, inda ake shigar da kifi da ƙanƙara, domin a kicin jan akwatinsu yake. Ya san tsohon mai gidan, ya san ɗansa Noboru tun yana yawo da majina, ya hura masa balan-balan ba adadi. Noborun nan shi ne yanzu Taisho, mai gida kuma mai wuƙa, wanda mutane ke tasowa tun daga Tokyo su zauna a gabansa su ce "omakase", wato sun bar masa zaɓi, ya ba su abin da ya ga dama. Uban da ɗan sun sha ce wa Kaka ya zagayo gaba ya zauna ya ɗanɗana. Bai taɓa yarda ba. Ya ce wanda ya zo da jakar aiki ba ya zama a kujerar baƙi. Iyakarsa ya leƙa ta labulen kicin yana cika akwati, ya ga yadda ake yi. Ta haka ya haddace duk ladubban wurin ba tare da ya taɓa sa loma ɗaya a baki ba.

Ranar da na sami gurbi a jami'a ya ce, "Ranar da kika gama, ni da ke za mu shiga gidan Noboru ta ƙofar gaba." Na ɗauka maganar farin ciki ce kawai. Ashe bai manta ba. Tun wata shida kafin ranar ya buga waya ya nemi kujera biyu, ya faɗi cikakken sunansa kamar baƙo. Ina jiyo matar Taisho, Okami, ta cikin wayar tana dariya.

"Mai Magani! Wane irin Kuramoto kuma? Ai ka zo ko gobe."

"Layi zan bi kamar kowa, Okami-san."

Sai aka ba mu washegarin bikin kammala karatuna, cin rana.

Wata guda kafin ranar, gidanmu ya zama makaranta. Yakan cura shinkafa ya ɗora yankan kokwamba a kai, ya tsaya a bayan teburin kicin da tawul a kafaɗa, ya ajiye a gabana ya zuba mini ido.

"Kin makara. Ya mutu."

"Kaka, ko numfashi ban yi ba!"

"Numfashin ki yi shi bayan kin haɗiye. Shinkafar tana da ɗumin hannunsa, kifin yana da sanyin teku. Kika tsaya, ɗumin ya tafi, sanyin ya tafi, me ya rage? Shekara huɗu a jami'a, ba a koya muku wannan ba?"

"Tarihi na karanta."

"Shi ya sa. Komai naki sai ya tsufa."

Ba turare. Ba agogo ko zobe, kada a karce katakon kanta. Ba ɗaukar hoto. Da hannu ake ci, loma ɗaya. Ba a neman ƙarin miya, Taisho ya riga ya shafa abin da ya dace. Ba a tambayar me ke zuwa. Idan aka ga ƙwai ya zo, wancan soyayyen mai zaƙi kamar alkaki, to an zo ƙarshe, sai shayi, sai godiya. Kafin ƙwai ba a tashi, ko gobara ake yi.

"Ko gobara?" na ce.

"Idan gobara ce, shi zai fara sani. Zai kawo ƙwan."

Kwat ɗinsa ya rataye a baranda har mako guda don iska ta kwashe warin magani. Da safen ranar ya miƙo mini hannun rigar ya ce in sansana. Na ce babu komai. Ƙarya nake yi, warin yana nan, warin da na tashi a cikinsa. Mama ba ta samu hutu ba, ta raka mu bakin ƙofa ta gyara masa wuyan riga, ta ce kada ya kunyata ta ya nemi a ba shi ragowa ya taho da ita.

Da muka isa lungun, ƙafarsa da kanta ta nufi ƙofar baya. Sai da na riƙo hannunsa. Ya yi tsaki, ya gyara kwat, ya ɗaga shuɗin labulen da bayan hannu kamar wanda ya saba.

"Barka da zuwa!" in ji Taisho daga bayan kanta. Ƙato ne mai aski tal, ya haura hamsin, amma da ya ga Kaka sai fuskarsa ta koma ta yaro. "Yau Mai Magani ya ɓata hanya."

"Yau ba ni da jaka, Taisho."

"Taisho kuma? Ina Nobo-chan mai majina?"

"Yana kicin. A nan gaba Taisho nake gani." Kaka ya rusuna, ya zauna, ya ɗora hannuwansa a gwiwa. "Wannan jikata ce, Chisato. Jiya ta gama jami'a. Mun bar maka zaɓi."

Ɗakin ƙarami ne, kujerun ba su kai goma ba, kuma a ranar mu huɗu ne kawai: mu biyu, da wani mutum da matarsa a ɗaya gefen, waɗanda na ji suna gaya wa Okami cewa da jirgin safe suka zo daga Tokyo, kuma rabin shekara suka yi suna jiran kujerar. Babu kiɗa, babu hayaniya. Ana jin ƙarar wuƙa a kan katako, da ɗan tafin da Taisho ke yi idan ya jiƙa hannu kafin ya ɗebi shinkafa. Aka fara da farin kifi mai laushi, sai wani mai ratsin azurfa a baya, sai wani kifi mai maiƙo da ake kira buri. Kaka yana ci yana gurnani. A kan buri har ya share ido da ɗan yatsa, ya ce yajin wasabi ne ya hau masa hanci.

Sai jatan landen nan suka zo, hannunsa ya ƙi tashi.

Bayan ya ci da hagu, na zuba masa ido ta gefe. Na ce wa kaina ƙila hannun ya yi sanyi ne, ƙila ya danne shi. Ni na saba da tsoron abin da babu shi, kuma na saba a yi mini dariya a kai. Amma da Taisho ya ajiye curi na gaba sai na lura da wani abu. Tun farko yana ajiye wa kowa nasa a ɗan karkace, yadda hannun dama zai ɗauka ba wahala. Na Kaka a wannan karon ya karkata shi ɗaya gefen, wajen hagu, kuma curin ya fi nawa ƙanƙanta. Bai ko ɗaga kai ba. Shi ma ya gani ke nan. Ba ni kaɗai ba ce.

Kaka ya ɗauka ya kai baki. 'Yar shinkafa ta zubo ta gefen bakinsa na dama, ta faɗa kan kwat, bai ji ba. Gefen bakin ya sauka ƙasa kamar an ja shi da zare. Na taɓa ganin hoton irin wannan fuska a jikin bangon tashar jirgi, da rubutu a ƙasa cewa kada a jira.

Na matso da bakina kusa da kunnensa. "Kaka, mu tafi asibiti. Yanzu."

"Zauna."

"Bakinka ya karkace. Hannunka ba ya motsi."

"Gajiya ce. Akwai... a aljihuna..." Yana nufin baƙaƙen ƙwayoyinsa. Maganar tana fita da nauyi, kamar harshen ya yi masa girma.

"Don Allah, Kaka."

Ya juyo ya dube ni da ido ɗaya a buɗe sosai, ɗayan ya ɗan rufe. Ya kama hannuna da hagunsa, ya matse da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"Ba a tashi," ya ce, kalma-kalma, "kafin ƙwai."

Na san shi. Wannan ne mutumin da ya sauko daga dutse da ƙafa cikin ƙanƙara don kada ya katse wa manomi labari. Da na ja shi da ƙarfi, da ya riƙe kantar nan da hannun da ya rage masa, da an yi kokawa a gaban baƙi, kuma da ya gwammace ya mutu a kujerar da a ce Mai Magani ya tashi a tsakiyar abincin Noboru. Kuma ban san sauran curi nawa suka rage ba, tunda ba a tambaya. Na san dai ba mu kai rabi ba. Ga ƙaton jan naman kifin tuna nan a cikin akwatin katako a gaban Taisho, ko taɓa shi ba a yi ba.

Ban taɓa ɗaga murya a gaban mutane ba. A aji ma idan an kira sunana sai muryata ta maƙale. Amma na ji kaina na ce, da ƙarfin da ya sa matar Tokyo ta ajiye kofinta, "Taisho, kakana ba shi da lafiya. Ya ce ba zai tashi ba sai an kawo ƙwai."

"Chi-chan!" in ji Kaka. Ko sunan bai fita daidai ba.

Taisho ya dube ni, ya dubi Kaka, sannan ya waiwaya wajen labulen kicin. Okami tana tsaye a wurin da waya a hannu. Ta gyaɗa masa kai. Daga baya ta gaya mini cewa tun lokacin da ya juya curin nan wajen hagu ya yi mata alama da ido, ta shiga ciki ta kira motar asibiti.

Ya ja murfi ya rufe akwatin tunan. Ya goge wuƙarsa. Ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya ɗauko ƙwan, dogo, ruwan zuma a sama, ya fara yankawa.

Kaka ya gane. Ya girgiza kai, ya nuna akwatin da haɓa. "Tuna... ba a... ba a kawo ba."

"Na yau bai yi ba," in ji Taisho.

"Na gan shi."

"Ka gan shi, ni na taɓa shi. Mai Magani, ka taɓa jin na koya maka haɗa maganin ciki? Ka bar mini zaɓi ko ba ka bar mini ba?"

Idon Kaka ya tafi ɗaya gefen kantar, wajen mutanen Tokyo. Na san abin da yake dubawa. Idan mu kaɗai aka ba ƙwai, to korarsa aka yi don tausayi, kuma ba zai karɓa ba.

Taisho ya yanka huɗu. Ya taka har gaban baƙin nan biyu, ya ajiye wa kowannensu, ya rusuna ƙasa sosai, ya daɗe bai ɗago ba. "Na yau ya ƙare a nan," ya ce. "Ku yi mini afuwa."

Mutumin ya buɗe baki kamar zai yi magana. Rabin shekara fa, da jirgin safe. Matarsa ta taɓa masa gwiwa. Ta ɗauki ƙwanta ta ci, ta lumshe ido, ta ce da murya mai daɗi yadda Kaka zai ji, "Kai, na ƙoshi. Daidai cikina." Mijin ya bi bayanta ya cinye nasa, ya ce, "Ni ma. Da an ƙara ko ɗaya da sai an ɗauke ni." Har yau ban san sunayensu ba.

Nawa Taisho ya ajiye a gabana, na haɗiye shi ban ji ɗanɗanonsa ba. Na Kaka kuwa bai ajiye a kan katako ba, domin ya san in ya ajiye sai Kaka ya ci, kuma ya ga yadda shinkafa ke zubowa daga bakinsa. Sai ya naɗe shi a ganyen gora, ya sa a ɗan akwati, ya miƙo da hannu biyu.

"Naka na tafiya da shi ne. Tsohona ya bar mini wasiyya, ya ce ranar da Mai Magani ya zauna a gaba, a ba shi ƙwansa ya kai gida."

"Ƙarya," in ji Kaka, rabin bakinsa yana murmushi.

"Je ka tambaye shi."

Okami ta kawo shayin sallama ta ajiye wa kowa, na Kaka ta ajiye shi nesa kaɗan. Taisho ya tsaya ƙyam ya ce, "Mun gode da zuwanku." An sallame mu ke nan. Saura amsar baƙo, godiyar da ake yi bayan an ci. Kaka ya buɗe baki. Ya gwada, sautin farko kawai ya fito. Ya sake gwadawa. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Sai ya juyo ya dube ni, ya saki hannuna.

Na miƙe tsaye, na rusuna, na ce, "Mun ci, mun ƙoshi, mun gode da wahalar da aka sha dominmu." Godiyar ta fita duka. Kaka ya sunkuyar da kansa tare da ni.

Motar ba ta iya shiga lungun ba, sai suka shigo da gadon turawa. Kaka bai yi musu gardama ba ko kaɗan. Taisho da kansa ya ɗaga shi daga kujera, da farar rigarsa ta aiki, yana ce masa, "A hankali, Baba, a hankali." Ban taɓa jin ya kira shi haka ba. Ɗan akwatin ƙwan yana kan ƙirjinsa, ya dafe shi da hagu, ma'aikatan motar suka yi suka yi ya ƙi saki, har suka ƙyale shi.

A asibiti likitar, wata mace mai gajeren gashi, ta tambaye ni yaushe abin ya fara. Ba ni da agogo, na cire shi a gida. Na ce mata, "Daga kan jatan lande." Ta dube ni kamar ni ce marar lafiyar. Sai da aka kira Okami a waya ta duba lokacin da ta nemi motar, aka lissafa daga nan. Likitar ta ce jini ne ya daskare ya toshe wata jijiya a kansa, ta ce mun zo cikin lokacin da ake iya yin wani abu, amma ba ta ce mun zo da wuri ba. Na lura da hakan. Ina ta juya shi a raina.

Mama ta iso da rigar masana'anta a jikinta. Da na ba ta labari ta zauna a benci ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, na ɗauka kuka take yi. Kukan ne, amma da dariya a ciki. "Ƙwai," take cewa. "Wannan tsoho zai kashe ni. Ƙwai!"

An yi masa aiki a ranar, an ciro abin da ya toshe. Yau kwana na uku. Yana buɗe ido, yana gane mu. Idan Mama ta fara yi masa faɗa a kan awon jinin da ya ƙi zuwa, sai ya rufe idon da gangan, ta ce, "Ka gani ko, Chisato? Kunnensa ƙalau yake." Hannun dama bai motsa ba tukuna. Ba a ba shi komai ta baki, ko ruwa. Taisho ya zo jiya bayan cin rana da kayan gida a jikinsa, na kusa kasa gane shi. Ya zauna a bakin gado ya ba Kaka labarin kasuwar kifi, ya ce kujerarsa tana nan, kuma tunan gobe zai fi na ranar. Kaka ya ɗaga yatsan hagu ya nuna shi yana girgizawa, irin yadda ake yi wa yaro mai ƙarya.

A farkon wata mai zuwa ya kamata in fara aiki a wani gidan adana kayan tarihi a Nagoya. Kayana suna cikin kwalaye a ɗakina, rabi a ɗaure, rabi a buɗe. Mama ta ce in tafi. Da safe nakan zo in zauna a gefensa na dama, kamar yadda ma'aikaciyar jinya ta ce, in riƙe hannun in yi masa hira, ko zai juyo ta nan. Ban iya hira ba, shi ne mai yin ta a gidanmu, saboda haka nakan karanta masa hasashen yanayi da sakamakon wasan ƙwallon gora daga jarida.

Har yanzu bai yi magana ba. Yana motsa leɓe, sauti yana fita, amma ba kalma. Likitar ta ce gobe da safe za a sake ɗaukar hoton kansa, a kuma gwada ko zai iya haɗiya, sannan ne za su iya gaya mana ko maganar za ta dawo. Ni da Mama muna jira.